Lambar shasin babur: inda take, yadda ake karanta ta, da abin da ya sa rajista ta rataya a kanta

Mutum zai shiga kasuwar babura a Garwa, a arewacin Kamaru, ya duba taya, ya shafa fenti, ya tayar da inji ya kasa kunne, ya ɓata rabin yini yana ja-in-ja da dillali a kan sefa dubu biyar, amma da wuya ka ga ya durƙusa ya dubi wuyan babur ɗin, wurin da masana'anta ta buga wasu haruffa da alƙaluma a jikin ƙarfe. Sai ranar da ya tashi neman takardar mallaka, wadda kowa a nan ke kira kat giris, ma'aikacin ofishin sufuri ya ce masa ina lambar shasi, sannan ya soma lalube, wani ya nuna masa ta jikin inji, wani ya ce ai ta bayan ce ake nufi. Na sha ganin wannan ruɗani, kuma yana damuna, domin babur a wajen yawancin mutanenmu jari ne da aka tara da gumi, wani ma bashi ne da ake biya kullum da yamma daga abin da aka samu a haya.

Lambobi uku ne a jikin babur, kuma daga cakuɗa su ne matsala take farawa. Akwai lambar baya, wato farantin da hukuma take bayarwa bayan an yi rajista, wanda a jihar Arewa yake farawa da NO, a Arewa Mai Nisa da EN, a Adamawa kuma da AD. Wannan hukuma ce ta laƙaba ta, kuma ƙusa biyu ne suke riƙe da ita, don haka ana iya cire ta, ana iya sauya ta. Akwai lambar inji, wadda take kan murfin ƙarfen da ya rufe cikin injin daga ƙasa. Ita kuma tana tafiya ne duk inda injin ya tafi, ga shi kowa ya san cewa inji yana mutuwa a saya wani a ɗora. Ta uku ita ce lambar shasi, wadda takardun Faransanci suke rubutawa numéro de châssis ko numéro de série, masu Turanci kuma su ce VIN. An buga ta ne a ƙashin babur, wato ƙarfen da tanki da sirdi da inji da tayoyi duk suke ɗaure a jikinsa, kuma a idon hukuma wannan ƙarfen shi ne babur ɗin. Za ka iya sauya taya, ka sauya tanki, ka mayar da jan babur baƙi, yana nan a matsayin babur ɗin da aka yi wa rajista muddin ƙashinsa bai sauya ba. Shi ya sa takardar duwan, wato ta kwastam, da rasiɗin ɗan kasuwa, da takardar inshora, da kat giris, dukkansu suke komawa ga wannan lamba guda.

To, ina take? A irin baburan da suka cika titunanmu, na kilando, wato na haya, da na 'yan kasuwa, su TVS da Bajaj na Indiya, da Haojue da sauran 'yan China, tana jikin wuya ne, wato gajeren bututun ƙarfen nan da ke tsakanin tanki da fitilar gaba, wanda kan babur yake juyawa a cikinsa. Galibi a gefen dama take, ko da yake wasu kamfanoni a hagu suke bugawa. Ka kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka karya kan zuwa hagu har ya tsaya, ka durƙusa ta dama, ka janye wayoyin wuta da na birki da na totur da suka bi ta wurin, za ka ga lambar a jere a tsawon bututun. Idan ba ka gan ta ba, ka karya kan zuwa dama ka duba ɗaya gefen. Sau da yawa akwai wani ɗan faranti na goran-ruwa ko takarda mai danƙo a kusa da ita, ɗauke da sunan masana'anta da lambar a rubuce tsaf. Wannan yana taimakawa wajen karatu, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, saboda abin da aka manna ana iya ɓamɓare shi a manna a wani wuri. Wadda aka buga a cikin naman ƙarfe ita ce uwa, kuma wajibi ne su biyun su zo ɗaya.

Ƙananan baburan nan masu rufin roba, waɗanda mata da ma'aikata suka fi hawa, su ne suka fi ɓoye tasu. A wasu sai an ɗaga sirdi an buɗe wani ɗan murfi a ƙasan akwatin ajiya, a wasu tana ƙarƙashin matakin ƙafa, a wasu kuma akwai ƙaramar taga a jikin robar da ke fuskantar gwiwar mahayi, wadda ake ɓalle ta da bakin sukuddireba. Littafin da ke zuwa tare da sabon babur yana nuna wurin da zane, sai dai mu mun saba mu jefar da shi tare da kwali.

Lambar inji kuwa tana ƙasa, yawanci ta hagu kusa da matakin giya, a wurin da baƙin mai da ƙura suke taruwa. Ta fi ta shasi gajarta, kuma a baburan China ana yawan rubuta ta layi biyu, na sama yana faɗin nau'in injin, na ƙasa yana faɗin lambarsa ta kansa. A rubuta ta a ajiye, domin ita ma tana kan wasu takardun, amma kada a miƙa ta a gurbin ta shasi.

Gano wurin abu ne mai sauƙi; karanta lambar daidai shi ne aikin. Babur da ya shekara biyu yana zirga-zirga tsakanin ƙurar hunturu da taɓon damina, wuyansa kan yi kauri da datti har a kasa bambanta harafi da tsatsa. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a unguwar Yelwa yana wannan aiki, kuma abin da ya yi shi ne ya kamata kowa ya koya. Tsumma ya jiƙa da kananzir ya goge wurin, ya bi shi da tsohon buroshin haƙori har ramukan haruffan suka fito, ya bar shi ya sha iska, sannan ya goga allin makaranta a kai ya share saman da ɗan yatsa, sai ga farin alli ya zauna a cikin kowane rami, lamba ta fito kamar yau aka buga ta. Yaronsa ya miƙo masa takardar gurza ƙarfe, ya ture hannun yaron, ya juyo ya ce mini, "Malam, wannan wurin ba a gurza shi ko da wasa. In ya yi santsi, jandarma ba zai tambaye ka dalili ba, cewa zai yi an taɓa lamba." Daga nan ya ɗora farar takarda a kan wuyan, ya kwantar da bakin fensir ya yi ta gogawa a hankali, siffar lambar ta fito a kan takardar da girmanta da tazararta. Hoton waya yana da amfani, musamman idan aka haska tocila daga gefe don inuwa ta faɗa cikin ramuka, amma wannan gogen fensir shaida ce da ta fito daga jikin ƙarfen kai tsaye, kuma ina ganin bai kamata mai babur ya rasa ta a cikin takardunsa ba.

Wanda ya san yadda aka tsara lambar ba ya yawan kuskure wajen kwafe ta, don haka ya dace a ɗan tsaya a nan. A Amurka aka soma sa wa motoci irin wannan lamba a 1954, kowane kamfani da salonsa, har zuwa 1981 lokacin da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta tilasta tsari guda mai gurbi 17. Ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya tana da ƙa'ida a kan wannan tsari, mai lamba ISO 3779, kuma ita ce yawancin masana'antun duniya suke bi a yau. Abu na farko da mai karatu zai yi shi ne ya ƙirga: idan babur na zamani ne ya kamata ya sami 17 cif, haruffa da alƙaluma a haɗe, ban da ɗan tauraron da wasu kamfanoni suke bugawa a farko da ƙarshe don kada wani ya ƙara wani abu. Abu na biyu, babu haruffa uku a cikin tsarin gaba ɗaya, I da O da Q, an cire su ne saboda kamarsu da 1 da 0. Saboda haka duk wani zagaye da ka gani sifili ne, duk wata tsayayyiyar sanda kuma ɗaya ce, kuma takardar da ta rubuta O a cikin lambar shasi, marubucinta ya yi kuskure ko da hatimi goma ne a kanta.

Gurabe uku na farko suna faɗin wanda ya ƙera. Harafin farko yana nuna yanki ko ƙasa: L na China ne, J na Japan. Baburan Indiya suna farawa da M, na kamfanin Bajaj da MD2, na TVS da MD6. A cikin na Japan, Honda tana da JH2, Yamaha JYA, Suzuki JS1. Wannan kaɗai ya isa ya warware wata gardama da ake yawan yi a kasuwa, inda dillali zai rantse cewa babur ɗan Japan ne saboda sunan da ke jikin tanki. Sunan yana iya zama na gaskiya, domin manyan kamfanonin Japan suna da masana'antu da abokan hulɗa a China da Indiya, amma idan lamba ta fara da L to a China aka ƙera shi, kuma farashinsa ya kamata ya bi wannan. Daga gurbi na huɗu zuwa na tara bayanin nau'in babur ne, kowane kamfani da yadda yake tsara nasa. Takwas na ƙarshe su ne suke ware wannan babur daga dubban 'yan'uwansa da suka fito daga masana'anta ɗaya, kuma a cikinsu ne lambar jeri take.

Gurabe biyu suna da wani aiki na musamman. A tsarin da Amurka da China suke bi, gurbi na tara alƙalamin tantancewa ne: ana ba kowane harafi daraja ta lissafi, a ninka kowane gurbi da wani adadi da aka ware masa, a tara jimla a raba da 11, abin da ya saura shi ake bugawa a nan, idan kuma 10 ya saura sai a buga X. Amfaninsa shi ne idan aka kuskure harafi ɗaya wajen kwafe lambar, lissafin yawanci ba zai fita ba. Gurbi na goma kuwa yana nuna shekarar samfuri. An fara da A a 1980, aka bi haruffa har Y a 2000, aka yi amfani da 1 zuwa 9 daga 2001 zuwa 2009, sannan aka koma A a 2010. Ke nan F na 2015 ne, J na 2018, L na 2020, P na 2023, R na 2024, domin ban da haruffa ukun da aka ambata, U da Z ma ba sa shiga wannan gurbi. Ka ga L a farkon lamba ƙasa take nufi, L a gurbi na goma kuma shekara, don haka ƙirga gurbi yana da muhimmanci. Sai dai wannan ƙa'ida ta gurbi na tara da na goma ba ta hau kan kowace masana'anta ba. Wasu kamfanonin Indiya da na Turai suna da nasu salon, kuma bai halatta a zargi mutum da sata don kawai lissafin bai fita a kan babur ɗinsa ba. Haka nan tsofaffin baburan da aka ƙera kafin 1981, da waɗanda aka yi don kasuwar cikin gida ta Japan, lambarsu ta fi 17 gajarta, kuma lamba ce sahihiya.

Mafi yawan wahalar da na gani daga hannun mai rubutu ta fito, ba daga hannun ɓarawo ba. B da 8, S da 5, Z da 2, G da 6, D da 0: a kan ƙarfe mai tsatsa waɗannan tagwaye ne. Wani ɗan yayata ya sayi sabon babur, ɗan kasuwa ya cika masa rasiɗi da biro yana magana da wani mai ciniki, ya rubuta 8 a wurin B. Daga rasiɗin aka kwafa zuwa takardar inshora, daga nan zuwa takardun neman rajista, babu wanda ya fita ya dubi babur ɗin. Watanni bayan haka aka tsayar da shi a wani shinge, jami'in ya durƙusa ya gwada ƙarfe da takarda, ya ce ba su zo ɗaya ba, aka tura babur ɗin inda ake tsare ababen hawa. Da dare ya kira ni muryarsa na rawa, ya ce, "Kawu, wallahi da kuɗina na saya, ga rasiɗi a hannuna." Gaskiya ya faɗa, amma rasiɗin ne ke ɗauke da cutar. Sai da aka nemo ɗan kasuwar, ya binciko takardar shigo da kayan, aka ga B ɗin a rubuce, sannan aka soma gyara takardu ɗaya bayan ɗaya, yaro kuwa yana zaune a gida babu aiki, mai bashi yana jiransa.

Akwai wata hanyar da saɓani ke shiga wadda ta keɓanta da irin kasuwarmu. Babura da yawa a cikin kwali suke zuwa, a warware, sai a bakin shago yara su haɗa su. Idan ana haɗa goma ko ashirin a rana ɗaya, ba abin mamaki ba ne injin wannan kwali ya hau ƙashin wancan, ko a miƙa wa mai saye takardar maƙwabcin babur ɗinsa, wanda lambarsa ta bambanta da alƙalami ɗaya kacal a ƙarshe. Kamata ya yi mai saye ya karanta lambar daga ƙarfe da babbar murya, wani yana bin takarda da ɗan yatsa, tun kuɗi ba su bar aljihu ba. Ɗan kasuwa na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Sai batun iyaka, wanda a yankinmu ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru da dama babura suna shigowa daga Nijeriya, ta Banki da Amcide, ta wajen Mubi, ta Gamboru da Fotokol, wasu kuma su wuce Kuseri su haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Kamaru da Cadi suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka mai ƙasashe shida, Nijeriya kuwa ba ta ciki, don haka babur da ya fito daga can kaya ne daga waje, sai ya bi ta duwan kafin ya sami rajista a nan. Lambar baya ta Nijeriya ba ta da wani amfani a wannan mataki. Abin da takardar duwan take riƙewa shi ne lambar shasi, kuma ita ce ba ta sauyawa komai yawan iyakokin da babur ya ƙetara. Wanda ya sayi babur mai arha saboda babu takardar duwan, ya sani cewa abin da ya rage a farashi yana nan yana jiransa a gaba. Tun a ƙarshen Disamba 2008 Firaministan Kamaru ya sa hannu a dokar da ta tsara sana'ar haya da babur, wadda ta wajabta rajista da inshora da lasisin tuƙi da hular kwano, sannan daga 2014, da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Arewa Mai Nisa kuma maharan suna amfani da babura, aka taƙaita zirga-zirgar baburan a wurare da dama, binciken takardu ya ƙara tsauri. A irin wannan yanayi babur da ba a iya tabbatar da asalinsa yana iya jawo wa mai shi tambayoyin da suka wuce na biyan tara.

Ga mai sayen babur na hannu, wuyan babur yana ba da labari idan aka dube shi da natsuwa. Lambar masana'anta zurfinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, girman haruffanta ɗaya, tazararsu ɗaya, a kan layi miƙaƙƙe, domin na'ura ce ta buga ta. Wadda aka buga da guduma a bayan shago kuwa wani harafi zai nutse, wani ya tsaya a sama, wani ya karkace. A shafa wurin da ɗan yatsa: bututun wuya zagayayye ne, idan aka ji wani fili ya baje kamar an fafe shi, an gurza tsohuwar lamba ke nan. Sabon fenti a wuya kaɗai alhali sauran ƙashin ya koɗe, ko tabon walda da ya zagaye wuyan, alamu ne da suka isa a ce a fasa ciniki. A nan ba na ganin akwai wurin sassauci, ko da mai sayarwa ɗan unguwa ne, domin ranar da mai babur na asali ya bayyana, wanda aka samu abin a hannunsa shi ne zai fara amsa tambaya. Idan komai ya yi daidai, a rubuta takardar ciniki da lambar shasi cikakkiya, gurbi 17 ba shida na ƙarshe ba kamar yadda wasu suke yi, a kai ta ofishin 'yan sanda a buga mata hatimi, sannan a nemi a mayar da kat giris zuwa sunan sabon mai shi.

Wani lokaci kuma mai babur na gaskiya ne yake lalata lambarsa da hannunsa. Babur ya yi karo wuya ya lanƙwashe, ko nauyin buhunan da ake ɗora masa ya tsaga ƙashin, sai a kai wa mai walda ya narka ƙarfe a kan rabin lambar, ko kuma a sayo wani ƙashi daga masu kayan gwangwan a mayar da komai a kansa. Wanda ya yi na biyun ya hau wani babur ne daban da takardun tsohon. Kafin wuta ta taɓa wurin, a ɗauki hoto, a yi gogen fensir, a gaya wa mai walda ya kauce wa lambar iyakar iyawa, kuma idan ba makawa sai ta taɓu, a je ofishin sufuri a sanar tun kafin aikin. Kada a yarda wani ya ce zai sake buga ta da nasa ƙarafan, ko da lambar gaskiya zai buga, saboda bugun hannu ba ya ɓuya. Sauya inji ya fi wannan sauƙi, amma shi ma a karɓi rasiɗin da ke ɗauke da lambar sabon injin a haɗa da sauran takardu.

Ranar da za a je ofishin sufuri na jiha, a Garwa ne ko Marwa ko Ngawundare, a tafi da babur ɗin kansa tare da rasiɗi, da takardar duwan, da katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar gogen fensir. Idan ta hannun wani za a bi, kamar yadda da yawa suke yi saboda nisa ko rashin Faransanci, a rubuta masa lambar da manyan baƙaƙe, a haɗa masa da hoto, kada a karanta masa ta waya, domin B da D da P ba sa rabuwa a kunne. In kat giris ta fito, kafin a ninke ta a sa a aljihu, a fita da ita wajen babur, a karya kan zuwa hagu, a durƙusa, a bi gurabe 17 ɗin ɗaya bayan ɗaya, idan an ga saɓani ko na harafi guda ne a koma ciki a nuna wa ma'aikacin tun fayil ɗin yana kan teburinsa.